Ra'ayinmu: Kada Mu Sayar da Gonar Gado

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, a ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, al'adar golmo ta Dakarkari ta tanadi saurayi ya yi shekaru yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Da fartanya ake auna namiji, bikin Uhola kuwa godiya ce bayan amfanin gona ya shigo gida.

Yau fa? Sai ka ga ɗan boko ya matsa wa iyayensa a sayar da gonar gado domin ya sayi mota ko wayar hannu mai tsada. Kafin a ankara wayar ta zama tsohon yayi, gonar kakanni kuwa ta tafi ke nan.

A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, a 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Aikin Gona a Zuru. To, ina amfanin digirin noma ga wanda ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa?

Roƙonmu shi ne, duk wanda ya gāji gona kada ya sa hannu a takardar sayarwa. In hutun damina ya zo, mu koma ƙauye mu riƙe garma, mu dasa itatuwa a iyakar gona. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.