Ƙaramar Katafila Da Matsalar Takalminta

Tun daga 2021 da aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratsa ta Daura, idon mutanen wannan masarauta ya saba da injunan haƙa manya da ƙanana. Ƙananan, irin su Kubota da Yanmar da Bobcat, su ne suka fi shiga ran 'yan kwangila, domin suna kutsawa lungun da babbar katafila ba ta iya shiga, su haƙa lambatu ko ramin bututun famfo.

To, amma waɗannan injuna a kan kacar roba suke tafiya, watau wani faffaɗan zobe na roba mai wayoyin ƙarfe a ciki, wanda kamfanin Bridgestone na Japan ya fara ƙerawa a 1968 saboda injunan girbin shinkafa. Abin da aka yi domin laka, shi muke ɗorawa kan tsakuwa da marmara a zafin bazara. Rana ta tsattsaga robar, ruwa ya shiga, wayoyin su yi tsatsa. Ranar da suka tsinke kuwa, magana ta ƙare, domin mai faci ba shi da ta cewa a nan.

Sai a shiga nema. Daga Daura a tafi Ƙofar Ruwa a Kano, in ba a dace ba a aika Ladipo a Ikko. Kowace kaca tana da awo uku: faɗinta, da tazarar haƙoranta, da yawansu, kamar 300 x 52.5 x 84. Haƙori ɗaya ya saɓa, ba za ta zauna ba. Galibin injunan kuwa na hannu ne, sun iso ba littafi, lambar da ke jikin tsohuwar kacar ta goge. Ga shi tun 2023 da aka saki Naira, kayan waje sun yi tashin gwauron zabo. Ƙerawa a gida kuwa, ƙasar da masana'antun taya na Michelin da Dunlop suka rufe a 2007 da 2008, ina za ta fara?

Ra'ayinmu shi ne, laifin na mai saye ne tun farko. Duk Ƙaramar Hukumar da za ta sayi irin wannan inji, ko Baure ce ko Zango, ko Mai'aduwa ko Sandamu, kada akawu ya sa hannu a takardar biya sai an kawo shi da kaca biyu na ajiya, an kuma rubuta awonsu a littafin sito. A adana su a inuwa, ba a yar a filin ma'aikata ba. Kuma ƙananan hukumomin masarautar su daidaita a kan samfuri ɗaya, yadda wannan za ta ara wa waccan.

Sauran aikin na direba ne: ya riƙa duba ɗaurin kacar, ya kakkaɓe tsakuwa bayan tashi, ya daina juyi a tsaye kan kwalta. Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri duk suna Daura. Kwas na mako biyu ya isa a koya wa direbobi da makanikai wannan.