Waƙar Da Ta Fi Hitila Tsawon Rai

Jama'a, sau da yawa in an taru wurin lacca aka ɗauki waƙa, sai mu ji waɗansu masu takarda suna cewa wai waƙa aikin maroƙa ce, ba ta ƙara wa gwagwarmaya kome. To, ga labarin waɗansu talakawa na Turai, ku auna da kanku ko masu wannan magana sun yi gaskiya.

A ƙasar Lituwaniya, can kusa da Rasha, akwai wani birni da a ke kira Vilna. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu kusan sulusin mutanensa Yahudawa ne, galibinsu maɗinka da dukawa da 'yan tireda da 'yan dako. Harshensu na gida da na ciniki shi ne Yidish, ba Ibrananci na littattafan addini ba, masu jinsa kuwa a duniya sun kai wajen miliyan 11 a lokacin. Sojan Hitila suka shiga birnin cikin watan Yuni 1941. Kafin watan Satumba ya fita sun tattara Yahudawa cikin waɗansu 'yan lunguna, sun toshe hanyoyi, sun sa masu gadi a ƙofa. Sauran kuwa aka riƙa kwasarsu zuwa wani daji, Ponari, inda akwai manyan ramuka. Yahudawan da aka harbe a wurin sun kai 70,000. Kuma ku lura, yawancin masu jan kunamar bindigar 'yan ƙasa ne da Jamusawa suka ɗauka aiki. Cikin lungunan ma sai suka naɗa shugaba da 'yan doka daga cikin waɗanda aka tsare, domin su mallaki 'yan'uwansu a madadin mai mulki. Wannan dabara ba sai mun fassara wa talakan ƙasarmu ita ba.

Cikin Janairu 1942 samarin jam'iyyu dabam dabam, waɗanda da ba sa ga maciji da juna, suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar ɓoye. A shekarar nan wata budurwa, Vitka Kempner, ta saci jiki da abokanta biyu suka dasa nakiya a hanyar jirgin ƙasa, ta tashi da jirgin sojan Jamus. Wani saurayi cikinsu, Hirsh Glik, ya yi mata waƙa. Da labari ya iso cewa Yahudawan Warso sun tashi da makamai ran 19 ga Afrilu 1943, sai ya sake tsara wata, ya ɗora ta a kan karin wata waƙar Rasha da kowa ya sani, don ta yi sauƙin ɗauka. Abin da ta ƙunsa shi ne hana mutum yanke ƙauna, ko da mutuwa na tsaye a kansa. Ba rediyo, ba jarida, amma daga baki zuwa baki ta ratsa katanga, ta shiga dazuzzukan 'yan sari-ka-noƙe, ta kai har sansanonin da a ke tsare mutane. Shi Glik an kai shi sansani a Estoniya, ya gudu a 1944, ba a sake ganinsa ba. Shekarunsa 22. Hitila ya mutu a 1945, waƙar yaron nan kuwa har gobe rera ta a ke yi, a tsaye, duk inda aka taru tunawa da waɗanda aka hallaka.

Mun san wani zai ce, ina ruwanmu da Yahudawa, alhali ga abin da a ke yi wa Falasɗinawa? Mu ba mu taɓa ɓoye baƙin cikinmu game da Falasɗinu ba. Amma Glik ya mutu shekara huɗu kafin a kafa ƙasar Isra'ila, bai ƙwace gonar kowa ba, kuma wanda ya ƙi zalunci don an yi wa nasa, ya yi shiru don an yi wa na wani, son kai ya ke yi. Balle ma yaƙin bai bar mu a baya ba. Kakanninmu da aka ɗauka soja su ne suka bi sojan Musolini daga Mogadishu har Harar ta ƙasar Habasha a 1941. Abokin gaba ɗaya ne.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne abin da ya faru bayan nasara. Wani mawaƙi, Shmerke Kaczerginski, wanda shi ma ya yi zaman daji, ya komo Vilna a 1944, shi da abokansa suka tono takardun da suka binne, suka buɗe gidan ajiye kayan tarihi. Gwamnatin Stalin, ita da ta kori Jamus, ta rufe gidan a 1949. Dutsen tunawa da Yahudawa suka kafa a Ponari da rubutun harshensu aka rushe shi, aka kafa wani wanda bai ambaci ko su wane ne aka kashe ba. Ran 12 ga Agusta 1952 aka harbe mutum 13 a Mosko, cikinsu har da manyan marubutan Yidish. Watau mai mulki, ko da jiya tare kuka yi yaƙi, yana son tarihi ya zama nasa shi kaɗai, ya goge sunan wanda ya ga dama.

Amma ina mahukunci zai kama waƙa ya ɗaure? A 1949 ɗin nan Paul Robeson, baƙar fatar Amurka wanda ubansa ya gudo daga bauta, ya tsaya a babban zauren Mosko ya rera waƙar Glik da Yidish, a lokacin da abokinsa marubuci Itzik Feffer ya ke kurkuku a birnin. Shi kuwa Kaczerginski tuni ya ga inda iska ta dosa ya fita ƙasar. Ya bi waɗanda suka tsira ɗaya ɗaya, tsoho da tsohuwa da maraya, yana cewa su rera, yana rubutawa. A 1948 aka buga littafinsa a New York, da waƙoƙi fiye da 200. Da yawa cikin waɗanda suka tsara su ba a san kabarinsu ba. Da ya ce sai hankali ya kwanta tukuna, da an yi hasara, don shi kansa ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a Ajantina a 1954.

Sabo da haka muna roƙon kowane sakataren reshe, tun daga wannan mako, ya sayi littafin rubutu ya nemi dattawan jam'iyya, musamman mata 'yan kasuwa, don su suka fi riƙe waƙa. Ya rubuta kowace waƙa da aka yi lokacin da aka kama wani, ko aka hana lacca, ko aka kori wani daga rumfarsa, da boko ko da ajami, duk wanda ya iya. Ya sa sunan wanda ya tsara ta, da garin, da shekarar, da dalilin yin ta. Kofi ɗaya ya zauna a reshe, ɗaya a aiko mana ofis.