Taswira A Cikin Goge

Yara da yawa suna cewa labarin ƙasa darasi ne mai gajiyarwa. Ba mu ga laifinsu ba, gama sau da yawa abin da ake ba su shi ne haddar sunayen koguna da duwatsun da ba su taɓa gani ba. Da jarrabawa ta wuce, sai sunayen su bi iska.

Kwanan baya mun halarci wani taron malaman labarin ƙasa. Da maraice aka gabatar da baƙo mai jawabi, sai ga wani dattijo da gogensa a rataye. Malamai suka fara duban juna. Shi kuwa ya gaishe su, ya ɗaga gogen, ya ce, "Malamai, da me aka yi wannan?"

Aka amsa masa: ƙwarya, da fatar guza, da izgar doki. Ya ce, "To, ina doki yake jin daɗin zama?" Wata malama ta miƙe ta bayyana cewa doki dabbar fili ce, gama a kurmin kudu ƙudan tsando yana sa masa ciwon sammore. Shi ya sa goge ya yi gida a ƙasashen ciyawa da bakin hamada. Buzaye suna da irinsa, suna kiransa imzad, mata ne kuma suke kaɗa shi. Dagomba na arewacin Gana suna kiran nasu gonje, ƙasarsu kuwa tana kan hanyar da fataken Kano suka riƙa bi zuwa Salaga sayen goro.

Nan take aka rataye taswira a bango. Dattijo yana ambaton kayan kiɗa da na busa, malamai suna nuna hanyar da kowanne ya biyo. Algaitar da ake busa wa sarakuna tana da 'yar'uwa a Maroko, sunansu ma kusan ɗaya ne, abin da ya haɗa su kuwa shi ne ayarin raƙuma mai ƙetare Sahara. Kakaki, bisa ga tsohon tarihin Kano, ya shiga fada a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Kuntigi, wanda Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi har rasuwarsa a 1915 da ɗari, wato 2015, akan yi shi da gwangwanin kifin sardin, kifin teku ke nan ya kawo kiɗa kan tudu. Har banjo na Amurka, tushensa yana wurin bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma, yana kuma kama da akonting na mutanen Jola a Senegal da Gambiya.

Cikin sa'a guda an taɓo yanayi, da tsiro, da cuta, da ciniki, da ƙaurar mutane, ba wanda ya yi hamma.

Iyaye, abin da ya sa muka kawo muku wannan labari shi ne, ku ma kuna da irin wannan makaranta a gida. Yaron da bai san inda abincinsa ya fito ba, da wuya ya gane dalilin tsadarsa in damina ta gaza ko hanya ta toshe. Ku duba madafa. Goro ɗan kurmi ne, yana son ruwan sama mai yawa. Dabino yana son zafi da busasshiyar iska. Kantun gishiri da ake ba dabbobi, daga Bilma a Nijar raƙuma suke ɗauko shi. Bayan tuwon dare, ku ɗauki abu ɗaya ku tambayi yaro, "Daga ina wannan ya zo? Wa ya kawo shi? Don me ba ya fitowa a gonarmu?" In amsa ta gagara, ya tafi da tambayar wurin malaminsa da safe, gama matambayi ba ya ɓata.

Sai wata mai zuwa.