Funtua da Malumfashi: Ina manoman da 'yan bindiga suka kora za su zauna?

Da asubahin Talata 19 ga Agustan 2025, 'yan bindiga suka buɗe wuta kan masallata a Unguwar Mantau da ke ƙaramar hukumar Malumfashi, suka kashe gomman mutane, suka kuma ƙona gidaje a ƙauyukan da ke kusa. Kafin nan an ga irin wannan a Kadisau ta Faskari a watan Yunin 2020, da 'Yargoje ta Ƙanƙara a watan Yunin 2024.

Bayan kowane hari hankali kan koma kan adadin mamata da maganar turo jami'an tsaro. Waɗanda suka tsira kuwa, da yawansu kan ɗaure 'yan komatsansu su nufi gari mafi kusa da suke ganin akwai tsaro. A kudancin Katsina, Funtua da Malumfashi na kan gaba cikin garuruwan da ke karɓar su.

A daidai wannan lokaci gwamnatin jiha na gudanar da shirin sabunta birane, gwamnatin tarayya kuma na gina rukunin gidaje. Abin dubawa shi ne ko waɗannan tsare-tsare sun san da zaman manomin da ya baro gidansa da gonarsa.

Garuruwan da suka cika suka batse

Shiyyar Funtua na da ƙananan hukumomi 11 cikin 34 na jihar, kuma ita ce rumbun abincin Katsina. Daga nan masara da dawa da waken suya da auduga ke fita, kasuwannin hatsi irin na Dandume da Bakori kuma na jawo 'yan kasuwa daga sassan ƙasar.

Funtua ta ginu ne a kan hanya. Layin dogo na Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya ratsa ta tun zamanin Turawa, nan ne kuma hanyoyin Zariya da Gusau da Birnin Gwari da Katsina suka haɗu. A watan Mayun 2024 aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta sauke kaya a garin. Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, na kan hanyar Funtua zuwa 'Yashe.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Funtua mutum kimanin 225,000, Malumfashi kuma kimanin 183,000. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya a Najeriya ba. Ke nan duk wanda ke tsara ruwan sha ko magudanar ruwa ko filayen gini a garuruwan, da alƙaluman da suka tsufa yake aiki, tun kafin a sa lissafin waɗanda suka gudo daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara.

'Yan gudun hijirar da ba sa sansani

A Borno, an san 'yan gudun hijira da manyan sansanoni. A arewa maso yamma abin ya bambanta. Ko da yake a 2020 an tsugunar da mutane na ɗan lokaci a Faskari da Dandume, rahotannin hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, sun sha nuna cewa mafi yawan waɗanda aka raba da muhallinsu a yankin na zaune ne a cikin jama'a.

A aikace, hakan na nufin ɗaki ɗaya a gidan ɗan uwa, ko kangon da mai shi bai gama ginawa ba, ko ɗakin haya a bayan gari. Zumunci ne ke ɗauke da nauyin da ya kamata hukuma ta ɗauka.

Wannan na da amfaninsa, domin mutum na nan cikin dangi, yana iya neman ƙwadago. Yana kuma da illa. Wanda ba ya cikin rajista ba a sa shi a kasafi. Idan masu neman ɗaki suka yi yawa, kuɗin haya kan tashi, kuma talakan gari da baƙon da ya gudo su ke kokawa a kan ɗakuna masu araha iri ɗaya. Tsadar kayan gini bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ta ƙara dagula lissafi, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024.

Manomi kuma dukiyarsa ba ta ɗaukuwa a ka. Idan ya bar gona, ya bar hanyar biyan haya. Wasu kan jinginar da gonar ko su sayar da ita da araha don biyan kuɗin fansa, wasu kuma kan kwana a gari su riƙa lallaɓawa gona da rana.

Gidajen gwamnati, na wa ne?

A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa ɗan jihar Katsina, Ahmed Musa Dangiwa, tsohon shugaban Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, a matsayin ministan gidaje. A watan Fabrairun 2024 aka ƙaddamar da shirin gidaje na Renewed Hope a Karsana da ke Abuja da gidaje 3,112. Daga baya aka aza harsashin rukunin gidaje 250 a kowace daga cikin jihohi 12, har da Katsina.

Matsala ta farko ita ce wuri. Rukunin na Katsina na babban birnin jihar, wanda ke da nisan kimanin kilomita 200 daga Funtua. Ta biyu ita ce farashi. Ma'aikatar ta ce gida mai ɗaki ɗaya da aka gina da kuɗin gwamnati na kamawa naira miliyan 8 zuwa 9. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya tara albashinsa kaf na shekara tara da rabi, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa miliyan 8.

Akwai hanyar lamuni ta Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, inda ma'aikaci ke zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, ya karɓi rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100, ya biya cikin shekaru har 30. Tsarin ya dace da mai albashin wata. Manomin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, lokacin kaka, da wuya ya kawo shaidar kuɗin shiga da banki ke nema. Ga kuma masu ƙyamar rance mai ruwa saboda addini.

Shirin da ya fi kusa da bukatar waɗannan mutane shi ne na sake tsugunar da waɗanda rikici ya shafa, wanda aka fara saninsa da sunan Pulaku. An ware masa naira biliyan 50 don jihohi bakwai, ciki har da Katsina, kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da shi a Tudun Biri ta jihar Kaduna a watan Yulin 2024. Gwamnatin Katsina ma ta haɗa hannu da hukumar UNDP wajen gina gidaje 152 don 'yan gudun hijira a Jibiya. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne. Sai dai Jibiya na can arewa, kan iyakar Nijar, kuma gidaje 152 ɗigo ne idan aka auna da bukatar.

Sabunta birane da maganar diyya

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya hau mulki a watan Mayun 2023, ya sa sabunta birane cikin manyan ayyukansa, da tituna a Katsina da Daura da Funtua. A watan Mayun 2025 Tinubu ya buɗe titin zagaye na gabashin birnin Katsina mai tsawon kilomita 24.

Babu mai musun cewa garin da manyan motoci ke ratsawa dare da rana kamar Funtua na bukatar faffaɗan titi da lambatu. Amma faɗaɗa titi na cin shaguna da gidaje, titin zagaye kuma na cin gonaki. A nan ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ke shigowa.

Dokar ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada ta abin da ke kan filin ce, wato gini da amfanin gona da itatuwa. Ƙasar ita kanta ba a biyan kuɗinta a farashin kasuwa. Manomin da gonar gado ta faɗa cikin aikin titi zai iya tashi da kuɗin da ba zai saya masa rabin irinta a wani wuri ba. A 2024 ma'aikatar gidaje ta tarayya ta sanar da sabunta farashin diyyar amfanin gona da itatuwa, wanda rabon da a taɓa shi tun 2008, amma kowace jiha ita ke yanke abin da za ta biya a ayyukanta.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne mutum uku. Akwai mai gidan awon igiya, wanda shaidarsa takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa. Akwai ɗan haya, wanda diyya ba ta zuwa hannunsa, wa'adin tashi kawai yake samu. Sai ɗan gudun hijirar da ke kango, wanda ba shi da ko takardar haya. Idan aka shafa jan fenti a bango, shi ne na farko da zai sake yin hijira.

Kano ta nuna tsadar rusau ba tare da bin ƙa'ida ba. Bayan rushe shagunan filin Idi a watan Yunin 2023, Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnatin jihar ta biya 'yan kasuwa naira biliyan 30, kafin a sasanta a kan biliyan 3. Waɗancan na da ƙungiya da lauyoyi. Bazawarar da ta gudo daga Faskari da 'ya'yanta ba ta da ko ɗaya.

A koma ƙauye ko a zauna a gari?

Hujjar masu cewa a mayar da mutane gida tana da ƙarfi. Idan manoma suka tare a gari, gonaki za su zama saura, abinci ya yi tsada, daji kuma ya zama na 'yan bindiga. Gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, a 2025 kuma an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari da Sabuwa.

Sai dai Katsinawa ba su manta da sulhun zamanin Aminu Bello Masari na 2016 da 2019 ba, wanda ya wargaje har gwamnan da kansa ya ce an ci amanarsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka, wadda Najeriya ta amince da ita a 2012, da manufar ƙasa kan 'yan gudun hijira ta 2021, duk sun ce komawa gida sai da yardar mutum, kuma yana da zaɓin zama a inda ya samu mafaka.

A Ngarannam ta jihar Borno, inda aka mayar da mutane a 2022, ba gidaje kaɗai aka gina ba, an haɗa da makaranta da kasuwa da ofishin 'yan sanda. Ƙauyen da aka sake gina shi ba tare da waɗannan ba, da wuya ya riƙe mutanensa.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Matakin farko ba ya cin kuɗi da yawa: rajistar waɗanda suka gudo, unguwa-unguwa, ta hannun masu unguwanni da dagatai, da sanin hakimai da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha. Na biyu shi ne yanka ƙananan filaye masu araha a gefen Funtua da Malumfashi, a ja musu hanya da ruwa da magudana, a bar mutane su gina gwargwadon ƙarfinsu. Bahaushe ya saba gina gidansa ɗaki bayan ɗaki, kaka bayan kaka, kuma kuɗin gida ɗaya na miliyan 8 zai iya shirya filaye da yawa.

Na uku shi ne sauƙaƙa wa masu awon igiya samun takardar mallaka ta hukumar KATGIS, da sanya 'yan haya cikin lissafin duk wani aikin da zai kai ga rusau, a kuma biya diyya kafin katafila ta iso.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan kuɗaɗen ƙananan hukumomi ya sa shugabannin Funtua da Malumfashi ma ba su da mafaka daga wannan tambaya. Mai son sanin inda gwamnati ta dosa sai ya duba kasafin kuɗin jiha da na ƙananan hukumomin, ya ga nawa aka ware wa kwalta, nawa kuma aka ware wa filaye da matsugunin waɗanda aka kora daga gonakinsu.