Nehemiya Da Buhunan Shinkafar Maiduguri

A watan Agusta na shekarar 2016 'yan gudun hijira suka fito daga sansaninsu a Maiduguri, suka tare hanyar Kano, suna kukan yunwa. Abinci yana shigowa gari mota-mota, amma tukunyarsu ba ta shaida ba. Gwamnatin Kashim Shettima ta rushe kwamitin dafa abinci, ta koma raba tsaba gida-gida. A 2017 babbar kotun jihar ta ɗaure mutum biyu saboda sayar da shinkafar da wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Denmak ta bayar.

Kiristocin Barno da ke karanta Littafi Mai Tsarki sun san labarin da ya dace da wannan. Nehemiya ya yi gwamnan Yahuza shekara 12 a zamanin Sarki Artashate na Farisa, ya tarar da Urushalima a rushe, talakawa suna jinginar da gonakinsu don su sami hatsi, waɗansu har suna ba da 'ya'yansu bauta. Gwamnonin da suka gabace shi suna karɓar abinci da azurfa shekel 40 daga hannun jama'a, barorinsu ma suna taka mutane. Shi kuwa ya ƙi karɓar rabon gwamna, alhali mutum 150 ne ke cin abinci a gidansa, kullum ana yanka sa ɗaya da tumaki 6.

Abin lura a nan, rabon nan halaliyarsa ce bisa al'adar mulki. Da ya karɓa babu alƙalin da zai tuhume shi. Ya bari ne don tsoron Allah, da kuma ganin nauyin da ke wuyan mutane. To, in wanda ke da haƙƙi ya haƙura, ina hujjar wanda aka ba shi ajiya kawai?

Hujjar da akan kawo tsohuwa ce. Sa'ad da Annabi Elisha ya ƙi kyautar Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, baransa Gehazi ya ga asara ce a bar baƙo mai arziki ya koma da kayansa. Ya bi shi a guje, ya shirya ƙarya da sunan maigidansa, ya karɓo azurfa da riguna biyu, ya ƙare da kuturta. Mai karkatar da kayan agaji haka yake lissafi, wai na Turawa ne, ba za su ji a jikinsu ba. Gaskiya ne, Denmak ba ta kwana da yunwa ba. Matar da ta gudo daga ƙauyenta da goyo ita ce ta kwana.

A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci babban ɓangare na Maiduguri, kayan agaji suka sake kwararowa. Sun bi ta hannun jami'ai da masu unguwanni, da limamai da fastoci, kowa da jerin sunayen da aka damƙa masa.