Baiwa ko naci: Me labarin Masai Ujiri ke faɗa wa matasan birnin Zazzau?

Lokacin da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors ta raba gari da shugabanta Masai Ujiri a watan Yunin 2025, bayan shekara 12 yana jan ragamarta, abin da aka fi tunawa shi ne kofin gasar NBA da ya kai ƙasar Kanada a karon farko a shekarar 2019.

Amma a Zariya, garin da ya tashi, labarinsa ya shafi wata tsohuwar muhawara da ake yi a majalisun matasa daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan: shin baiwa ce ke yin ɗan wasa, ko kuwa naci da juriya wajen atisaye?

An haifi Ujiri a garin Bournemouth na Ingila a 1970, aka dawo da shi Najeriya yana ɗan shekara biyu. Kamar sauran yaran Zariya, da ƙwallon ƙafa ya fara. Sai da ya kai wajen shekara 13 ya koma ƙwallon kwando, a hannun Oliver Johnson, wani Ba'amurke da ya shafe shekaru masu yawa yana horar da 'yan wasa a Jami'ar Ahmadu Bello.

A matsayinsa na ɗan wasa bai yi fice ba. Ya buga wa ƙananan kwalejoji a Amurka, ya yi kimanin shekara shida yana yawo tsakanin ƙungiyoyin Turai, bai taɓa buga ko da minti ɗaya a gasar NBA ba. A 2002 ya karɓi aikin farautar 'yan wasa ga ƙungiyar Orlando Magic ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiye-tafiye daga aljihunsa. Shekara 11 bayan haka, a 2013, aka zaɓe shi gwarzon jami'in gudanarwa na gasar, yana tare da Denver Nuggets.

Masu goyon bayan naci kan tsaya a nan, su ce magana ta ƙare. To sai dai abin bai kai nan sauƙi ba.

Tsawo ba a koyonsa

A ƙwallon kwando baiwa abu ne da ake aunawa da awo. Babu atisayen da zai ƙara wa mutum taƙi ɗaya a tsawonsa, kuma 'yan wasa 60 kacal ake ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA kowace shekara daga duniya baki ɗaya. Shi kansa Ujiri nacinsa bai kai shi cikin fili ba, ofis ya kai shi.

Tarihin wasu 'yan Najeriya biyu ya fi nuna iyakar baiwar. Dukkansu haifaffun Legas ne, dukkansu sun kai kimanin mita 2 da santimita 13, kuma dukkansu an ɗauke su a matsayi na ɗaya.

Hakeem Olajuwon, wanda aka ɗauka a 1984 gaban Michael Jordan, bai fara wasan ba sai da ya kai shekara 15. Yana ɗalibi a Jami'ar Houston ya riƙa zuwa wani zauren wasa a lokacin hutu yana gwabzawa da Moses Malone, ɗaya daga cikin ƙarfafan 'yan wasan zamanin, yana shan wuya a hannunsa. Ya ci kofi a 1994 da 1995, kuma an san shi da buga wasa yana azumin Ramadan.

Michael Olowokandi kuwa an ɗauke shi a 1998 gaban Dirk Nowitzki da Vince Carter da Paul Pierce. Ya bar gasar a 2007 da matsakaicin maki takwas da ɗoriya a kowane wasa. Rauni ya taka rawa a ciki, amma Kareem Abdul-Jabbar, wanda ya taɓa horar da shi a ƙungiyar Clippers, ya fito fili ya zarge shi da ƙin karɓar gyara.

Wannan ba baƙon zance ba ne ga mutanen birnin Zazzau. Duk alaramman da ya daɗe da almajirai ya san yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da ke wanke allo kafin kowa, amma ya rasa haddar saboda ba ya tilawa.

Abu na uku

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne abin da Ujiri ya koya daga zaɓin da ƙungiyarsa ta yi.

A 2014 Raptors ta ɗauki wani matashi ɗan Brazil, Bruno Caboclo, a matsayi na 20, saboda tsawonsa da dogayen hannayensa. Caca ce a kan zallar baiwa. Ba a san shi da lalaci ba, amma a shekararsa ta farko ƙungiyar ba ta da ƙaramar ƙungiya tata da za ta tura shi ya goge, don haka ya shafe lokaci a benci. Bai buga mata wasa 30 ba har aka sallama shi a 2018.

A 2015 aka kafa Raptors 905 domin cike wannan giɓi. Shekara guda bayan haka ƙungiyar ta ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru a matsayi na 27, matashin da bai rungumi wasan ba sai da ya doshi shekara 17. Ta kuma kawo Fred VanVleet, gajere a ma'aunin gasar, wanda duk ƙungiyoyi suka tsallake a zaɓen. Su biyun sun bi ta ƙaramar ƙungiyar, suka ci kofinta a 2017, kuma suna cikin ginshiƙan da suka doke Golden State Warriors a 2019. A shekarar ce aka ba Siakam kyautar ɗan wasan da ya fi kowa samun ci gaba.

Wato naci ma yana bukatar wurin da za a yi shi, da wanda zai tsaya a kai yana gyara. Yaron da ke jefa ƙwallo sau 300 a rana da karkataccen hannu, kuskurensa yake haddacewa.

A nan ne muhawarar majalisun birni ke kauce wa ainihin matsalar. Ujiri ya tashi a garin da ke da jami'a, da fili, da ƙwararren mai horarwa. Daga cikin ganuwa zuwa Samaru ba wata tafiya ba ce, amma ga ɗan talaka kuɗin mota na kullum, da takalmin wasa, da abincin da jiki ke bukata bayan atisaye, sun isa su raba shi da filin. Ga kuma iyayen da har yanzu ke kallon wasa a matsayin shiririta, ba kuma tare da rashin hujja ba, ganin yadda wasu dillalai ke karɓar kuɗin iyalai da alƙawarin gwaji a ƙasashen waje da ba ya tabbata.

Nasarorin Najeriya na baya-bayan nan ma sun ƙara fito da giɓin. Lokacin da D'Tigers ta doke Amurka da maki 90 da 87 a wasan share fagen Olamfik a birnin Las Vegas a watan Yulin 2021, akasarin 'yan wasanta a Amurka aka rene su. Jinin na Najeriya ne, horon na wasu ne.

Da alama Ujiri ya daɗe da fahimtar haka. Gidauniyar Giants of Africa da ya kafa tare da wani abokinsa a 2003 ta fara ne da sansanonin horo, inda ake tara matasa dogaye na 'yan kwanaki a Najeriya. A 2021 ta ƙara wani buri a kai: gina filayen wasa 100 a faɗin Afirka. Ko da an gina su duka, kowane fili zai bukaci mai horarwa da za a riƙa biya wata-wata, kuma wannan nauyi a Najeriya yana wuyan gwamnatocin jihohi da makarantu ne, waɗanda da yawansu ba su da malamin motsa jiki ko ɗaya.