FILIN UWARGIDA: Tukunyar Mai Ciwon Ciki

A wannan wata za mu duba ciwon cikin nan da ba ya kwantar da mutum, ba ya kuwa barinsa ya sake: ƙwannafi bayan cin abinci, da kumburin ciki, da zafi a ƙahon zuci, da taurin bayan gida. Gidaje da yawa kowace ran kasuwa sai an sayo ƙwayoyi a kemis, alhali kuwa tukunyar gidan ce ke ta da ciwon kowane dare.

Mutanen wannan ƙasa ba su rasa abinci mai kyau ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kogin Kwara ya buɗe ya zama tafki, ga kifi, ga shinkafa, ga albasa, ga ganye a fadama har da rani. Abin gyara yana wajen yadda muke dafa su, da lokacin da muke ci.

Mu fara da mai. Abin da aka soya yana daɗewa a ciki kafin ya wuce, shi ya sa soyayyen kifi da ƙosai da miya mai iyo da manja suke kawo ƙwannafi. Kifin da aka dafa a ruwa ya fi sauƙin narkewa. Ga yadda za ki yi, uwargida. Ki sami ɗanyen karfasa 2 ko tarwaɗa, ki wanke sosai. Ki zuba ruwa a tukunya da albasa 1, tumatir 2, daddawa, ɗan gishiri, da man gyaɗa cokali 1 kacal. In ya tafasa ki sa yankakkiyar kabewa. In ta fara laushi ki sa kifin ya yi kamar minti 20. Ganyen zogale ko alayyafo shi ne na ƙarshe, minti 5 ya ishe shi. A ci da tuwo mai laushi ko dafaffen dankali.

Barkono fa? Ba shi ke haƙa gyambo a ciki ba, amma yana ƙara wa mai ciwo zafi. Kada ki wahalar da kanki da tukunya biyu. Ki dafa miya ɗaya ba yaji, ki daka yajin ki ajiye a gefe, mai so ya barbaɗa a kwanonsa. Haka ma albasa. Mun san ita ce abin taƙamar ƙasar Yauri, amma ɗanyarta tana kumbura cikin waɗansu. Dafaffiya ta fi sauƙi.

Mai fama da taurin bayan gida kuwa, hanjinsa na neman dusa da ganye da ruwa. In muka surfe dawa ko gero muka fitar da dusar sarai muka ba awaki, mun ba su abin da ke sa bayan gida ya yi laushi. A rage surfe. A yawaita miyar kuɓewa, da kuka, da lalo, da kwaɗon rama, a ci gwanda in ta samu. Wake ma abinci ne mai kyau. A jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa har ya yi luguf, iskar da yake tarawa za ta ragu. Amma a ƙara waɗannan da kaɗan-kaɗan, gama in aka auka musu rana ɗaya ciki zai kumbura.

Sai maganar lokaci. Masunci yakan wuni a kwale-kwale ba abin da ya ci sai goro, manomi haka nan, da dare kuma a cika ciki da tuwo a kwanta. Uwargida ma ita ce ta ƙarshen ci, bayan kowa ya ƙoshi, sai ta kwanta da tuwo a maƙogwaro. Wannan shi ke tura ruwan ciki mai tsami zuwa ƙirji. Gara a ci kaɗan sau 4 ko 5 a yini, a bar wajen awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. Maigida, in kana so matarka ta sami sauƙi, ka kawo cefane da wuri. Mai ciwo ya rabu da taba da burkutu da giya, ya rage goro da shayi mai ƙarfi. Jiƙon kanwa yana kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, amma gishiri ne, yana kuwa cutar mai hawan jini.

A kula da tsabta. Ruwan tafki ko na rijiyar da ba murfi, a tafasa shi sosai kafin a sha. Busasshen kifi ko waken da ke warin maganin ƙwari, kada a saya. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, suna lalata hanta.

To, akwai inda aikin tukunya ya tsaya. A 1982 waɗansu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta, Helicobacter pylori, ita ke kawo yawancin gyambon ciki. Madara da kunu ba su kashe ta. Sai an gwada a asibiti, a sha maganin da likita ya rubuta har ya ƙare, wajen mako 2. Magungunan ciwon jiki irin su aspirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu aikin ƙarfi ke haɗiya kullum, su ma suna cin bangon ciki.

Mu na bakin ruwa muna da wani abin lura kuma, wato tsargiya. Tsutsarta na fitowa daga katantanwar ruwa, ta shiga ta fata lokacin wanka ko wanki ko su. Kowa ya san mai sa fitsarin jini, amma akwai wadda ke zama a jijiyoyin hanji, ta kawo ciwon ciki da zawo da jini. Maganinta Praziquantel ne, a asibiti.

Saboda haka in kun ga aman jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko jini a ciki, ko rama ba dalili, ko abinci na tsayawa a wuya, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. A tafi babban asibitin Yelwa ko asibitin da ya fi kusa ran nan. Haka kuma in an gyara girki mako 2 ba a ga sauƙi ba.

Ki fara da abu guda a makon nan, uwargida, ko rage mai ko ɗora tukunya da wuri. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba gidajenmu lafiya. Sai wata mai zuwa, in ya kai mu.